Kusurwar da Cindo Yake Bari

Ku matso. Kai Tanimu, kashe wayar nan kafin in haɗa ta da bango.

Kun san tsohon siton auduga na bayan tasha, wanda aka mayar zauren biki? Rufin kwano, bango tsirara. Ka yi tari, sai ya yi ta dawo maka da shi. Ni da ba wanda ya koya mini haɗa sauti, na sha kafa lasifika a can. Maroƙi ya buɗe baki, ango ya ji kamar daga rijiya ake zaginsa.

Sai ga Cindo. Cindo fa, wanda ni na nuna masa yadda ake naɗe waya. Kayansa ba su kai rabin nawa ba, amma murya ta fita tas. Masu biki suka koma wurinsa, aka bar ni da gadin kaya.

"Yaya, ba ka tambaye shi sirrin ba?"

In tambayi Cindo? Ladidi, Allah ya sawwaƙe.

Na dai lura ba ya sa komai a kusurwar gabas. Wata Laraba da rana tsaka, lokacin da ko akuya ta nemi inuwa, na lallaɓa zauren ni kaɗai. Ban yi sallama ba. Na tsaya a tsakiya na tafa, yadda muke auna ɗaki.

Tafin bai dawo ba.

Na sake. Shiru.

"Yana hannuna," in ji wata murya.

Wani tsoho ne tsugune a kusurwar. Bakinsa na motsi can nesa, amma maganar a cikin kunnena take, har da ɗumin numfashi.

"Baba, kai ne maigadi?"

"Kai ne baƙo."

"Kai kake riƙe wa Cindo ƙara?"

"Ni da iyalina. Ya bar mana mazauninmu, mu kuma muna cafe abin da bango ya tofo."

Mai hankali gudu zai yi. Ni zuciya ta ciyo ni. Na ce, "Ni ma a riƙe mini. Na fi shi iyawa."

"Mun sani. Abin da ya bayar za ka bayar."

Bai tashi ba. Hannunsa ne ya taho, ya ƙetare zauren. Yatsa mai sanyi ya taɓa kunnena na hagu. Hayaniyar tasha ta fara dushewa.

Ban san sa'ad da Ayatul Kursiyyu ta kuɓuce daga bakina ba. Hannun ya janye, jina ya dawo, na zuba a guje. Takalmina ɗaya yana can har yau.

Kashegari na tarar da Cindo a kasuwa. Na tsaya a hagunsa na kira sunansa. Ko gezau. Na zagaya dama, ya ce, "A'a, maigida, yaushe ka zo?"

Kada ɗayanku ya shiga zaure shi kaɗai da rana tsaka ya tafa, ko da ya yi sallama.

"To ai ka tsira, Yaya."

Na tsira, Tanimu. Asabar ɗin nan ma Cindo aka ba bikin 'yar Sarkin Pawa. Zan zauna a nan da kunnuwana biyu in jiyo shi, tas. Ku tashi ku ba ni wuri.