Kwalaben da Ke Cikin Firji

Da hantsi Malama Sakinatu, ma'aikaciyar ɗakin bincike a jami'a, ta kai ƙara caji ofis. An sace mata kwalabe daga firjin gidansu a Ƙofar Gayan.

"Kwalaben me?" in ji Sufeto Jumare.

"Ƙwayoyin halitta ne, Yallaɓai, ido ba ya ganinsu. Daga saiwar wake muka samo su, su ke ƙara wa gona ƙarfi. Gonakin da muka ɗebo su kuwa ruwan dam ya cinye. Firjin ofis ya lalace, na kawo su gida. In suka yini cikin zafi sun mutu, kuma babu wasu."

Da suka isa gidan, Sufeto ya duba firjin. Ba a fasa kwaɗo ba, nama da lemo ma suna nan.

"Wa ke da ɗan makulli ban da ke?"

"Yayana, Malam Aƙilu."

Aka kira shi daga shagonsa na ɗinki. Ya zo hannuwa a baya.

"Ni ban ma san me ke ciki ba, ranka ya daɗe."

"Miƙo hannu mu gaisa."

Hannun ya yi jajir, yana warin kananzir.

"Keken ɗinki na goge," in ji Aƙilu.

"Har gwiwar hannu, Malam?"

Sai aka ji nishin yarinya daga ɗaki. Sakinatu ta ce Larai ce, 'yar Aƙilu, tun jiya take amai da gudawa.

Sufeto ya zagaya bayan gida. Ya tarar da toka mai ɗumi, ya tona ta da sanda. Fasassun kwalabe suka bayyana.

Aƙilu ya durƙusa.

"Na ji Sakinatu tana gaya wa matata wai abubuwan da ke cikin kwalaben masu rai ne. Kuma a firjin nan Larai ke shan ruwa. Yallaɓai, in kai ne fa?"

Sakinatu ta juyo wajensa.

"Yaya, waɗannan ba sa cutar da mutum. Ai da ka tambaye ni. Ka tsaya ƙona su, ita tana kwance ba magani."

Wani kurtun ɗan sanda ya sa Aƙilu a bayan mota. Sakinatu ta fito rungume da Larai, ta shiga gaba.

"Caji ofis, Yallaɓai?" in ji direba.

"Asibiti tukuna."