Abayar Da Ta Fi Amarya Tsawo

Tsakar gidan Malam Kassimu a Sabon Birni ta cika da mata ranar da aka kawo lefen ɗiyarsa Mu'minatu. Bayan 'yan kawo kaya sun koma garin Isa, sai Gwaggo Ruƙayyatu, yayar Malam, wadda ta riƙe yarinyar tun rasuwar uwarta, ta kira ta a gwada mata. Atamfa da leshi ba wadda ta kushe. Da aka zo kan ɗinkakkun abayoyi, Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta kara a kafaɗar Mu'minatu. Rigar ta wuce ƙafa, ta kwanta a kan tabarma kamar ruwan da ya malala. Aka ɗauko ta biyu, aka ɗauko ta uku, duk haka.

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo ta saki rigar. "Wagga ba taki ba ce, ɗiyata. Kayan mamaciya anka kawo muna!"

Guɗa ta tsaya cak. Kowa a wurin ya san angon, Mas'ud mai gyaran waya, ya taɓa kai sadakin wata Sadiƙa 'yar garin Turba, doguwa kamar karan dawa. Zazzaɓin damina ya ɗauke ta ana saura kaɗan biki. Tun daga ranar dariyarsa ta zama kamar fitilar da ta ƙarar da mai, sai da ya haɗu da Mu'minatu ta fara dawowa.

"A rufe akwatunan nan a mai da musu!" in ji Gwaggo. "Marainiya ce, amma ba ta rasa gata ba. An fasa!"

Mu'minatu ta shige ɗaki ta kifa kai a katifa. Tsawon rigar bai dame ta ba. Abin da ke cin ranta shi ne, ashe duk lokacin da yake kallonta wata yake gani?

Malam Kassimu ya ce ba za a mai da komai ba sai an ji ta bakin yaron. Bayan la'asar Mas'ud ya iso a babur, ya durƙusa a zaure, kansa a ƙasa.

"Mas'udu, tsakaninka da Allah, kayan wa ka aiko gidana?"

"Baba, wallahi na Mu'minatu ne. Lefen marigayiya tun ranar addu'ar bakwai na kai wa innarta, ta rabar sadaka. Ko ɗankwali ban bari ba." Ya ɗago kai kaɗan. "Ka san ba ni da uwa, ba ni da ƙanwa da za ta shiga kasuwa, ga hanyar Sakkwato yadda ta koma ba tsaro. Shi ne na yi oda onlayin, ta waya, wurin wata mata a Kano. Ta ce abaya da tsawo ake sayenta, in faɗa mata tsawon amarya ta fidda saiz, wato lambar rigar."

"To, sai ka tambayi amaryar?"

"Baba — da wane baki? Ƙaƙa za ni ce wa ɗiyarka ta tsaya in auna ta?"

"To mi ka yi?"

Mas'ud ya ƙara sunkuyar da kai. "Ranar da na zo zance na lura da inda kanta ya tsaya a jikin bangon ƙofa. Da ta shiga gida na karce wurin da makullin babur. Da na sake zuwa, na aro tef ɗin awo wurin tela na auna daga shaidar zuwa ƙasa. Matar ta ce saiz sittin ke nan."

Ashe Gwaggo na bayan ƙofa. Ta bankaɗo labule ta fito, tana jan hannun Mu'minatu.

"Barka da tatsuniya, ɗan nan! Ina shaidar? Nuna muna!"

Ya nuna. Ga ta kuwa, ɗan siririn layi a jikin yaɓe. Gwaggo ta tsai da Mu'minatu a ƙasan zaure, ta jingina ta da bango. Layin ya wuce kanta da taƙi guda.

"Kun gani! Ko bango ya ƙaryata shi! Wanga tsawon Sadiƙa ne, ita ce har yau cikin idonai!"

Mas'ud ya dubi layin, ya dubi yarinyar. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya miƙe a hankali ya ɗauki hularsa.

"Tsaya," in ji Mu'minatu.

Ta ja da baya, ta hau dokin ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta raɓe da bango yadda ta saba, rabin jikinta a bayan labule. Layin ya zauna daidai a kan hijabinta.

"Gwaggo, ba ke kinka ce in ana zance kada ƙafata ta taɓa ƙasan zaure ba? Nan nika tsayawa kullum. Bai taɓa ganina a ƙasa ba."

Sai Malam Kassimu ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace.

"Yaya, ashe ke kinka ƙara wa ɗiyarki tsawo! Yaro ya auna amarya har da dokin ƙofa!"

Gwaggo ta kama baki. Ta daɗe tana kallon Mas'ud, idonta ya kawo ruwa.

"Ɗana, na tono maka kabari da bakina. Ka yafe mani."

"Ba komai, Gwaggo. Ni na yi wauta."

"Wauta kam ka yi ta! Kawo tef ɗin nan gobe."

Washegari da kanta ta auna Mu'minatu, daga kafaɗa zuwa idon sawu, ba takalmi, ƙafa a ƙasa. Hamsin da biyu ya fito. Aka kai abayoyin wurin tela ya rage ƙasansu, duk wata sabuwar oda kuwa ba a sake tura ta ba sai da Gwaggo ta gani da idonta.

Bayan biki, Mas'ud ya tarar da abaya ɗaya a ƙasan akwati, baƙa mai zaren zinari, ba a yanke ta ba.

"Tela ya mance wagga?"

"Ni na hana," in ji Mu'minatu. "In Allah ya ba mu ɗiya, Sadiƙa za mu sa mata. Wataƙila ta ɗauko tsawon mai sunan."

Ya zauna a bakin gado, ya rufe fuska da rigar ya yi kukan da ya daɗe yana ɓoyewa. Ba ta ce masa ya yi shiru ba. Ta zauna kusa da shi har ya gama.

Jama'a, kunya ado ce, amma kunyar da ta hana tambaya takan kai mutum ga nadama. Zato kuwa wuta ne, da baki ake hura shi. Wanda ya yi haƙuri ya bincika kafin ya yanke, shi Allah ke nuna wa gaskiya, ko da a jikin bangon zaure ne.