Ruwan Wankin Bango

A Kasuwar Shanu suka fara haɗuwa, inda ba mai hankalin da zai je neman soyayya. Kashin shanu har idon sawu, ƙudaje kamar an yi musu gayya, ƙarnin jini da warin tumbi suna dukan hanci. Kyari nama mahaifiyarsa ta aike shi saye, amma sai ya ƙame a gaban tukunyar wata tsohuwa mai narka kitse, yana kallon tafasarta, ƙafarsa ɗaya tsundum cikin kashi bai sani ba.

Mu'mina ta kawo wa mahaifinta abincin rana, ta gan shi.

"Malam, kitsen kake ciniki ko tukunyar?"

"Kumfar nake kallo," in ji shi. "Kusan haka duniya ta yi a farkonta."

"To duniyar ta ɓata maka takalmi."

Ya dubi ƙafarsa, ya ɗago ya dube ta. Naman nan dai bai isa gida ba sai da la'asar.

Kyari malamin fiziks ne a jami'a, yana kuma karatun digirin dokta. Abin da yake bincike, kamar yadda ya warware wa Mu'mina a zauren gidansu da ke unguwar Maisandari, shi ne wannan: wai a farkon halitta komai wuta ne, zafin da ko rana ba ta san irinsa ba. A cikin zafin nan kowace ƙwayar abu tana fitowa da abokiyar gabarta, in sun haɗu su halaka juna. Da sun zo kunnen doki, da babu dutse, babu sa, babu mutum. Sai aka samu ɗan rara ƙanƙane, daga rarar nan Allah Ya gina komai. Kyari yana son ya gano ta wace hanya rarar ta samu lokacin da wutar ta fara hucewa tana kumfa.

"Kamar kitse in ya huce ya zama kakide?" in ji Mu'mina.

"Wallahi kin fi ɗalibaina."

Daga nan waya ta shiga uku. Yaran yanzu ba su san ɗan aike ba, ba su san kawaici ba, sai latse-latse. Ga irin abin da yake tura mata:

"Tauraruwata, cikin biliyan da suka halaka, ɗaya tak ta tsira. Na yi lissafi na sake yi, ke nake samu."

Ita kuma ta mayar:

"Malam Kumfa, ka ci abinci tukuna? Mai yunwa ba ya lissafin duniya. Na aiko maka da ɗanwake, ka cinye."

So hana ganin laifi. Mutum da gemunsa ana ce masa Kumfa yana washe baki.

Da ya je gaida mahaifinta, Alhaji Bukar dillalin shanu, aka tambaye shi sana'arsa. Maimakon ya ce koyarwa ya yi shiru, sai ya kwance buhun bayani. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai kana wurin aka yi duniyar?"

"A'a, Baba."

"To ni ko saniya ba na yi wa kuɗi sai na ga haƙoranta. Tashi ka je, zan yi shawara."

Akwai wani Babakura, yaron cinikin Alhaji, wanda ya daɗe yana lasar baki a kan Mu'mina. Goro ya rina masa haƙora, yana magana yana feshi, yana tsartar da yawu ko a gaban wa. Hassada ta kai shi har unguwar Bulumkutu, gidan hayar da Kyari yake zaune, ya leƙa ta taga ya ɗauki hoto.

Shi Kyari yana da wata ɗabi'a: takarda ba ta isarsa. Da alli yake lissafinsa a bangon ɗaki, daga sama har ƙasa. Ga gidaje huɗu-huɗu da lambobi a ciki, ga layuka masu lanƙwasa kamar macizai suna haɗuwa suna rabuwa, ga baƙaƙen da ba na boko ba, ba na Larabci ba. A tsakiyar wannan duka, wata rana da kewa ta dame shi, ya rubuta sunan Mu'mina ya zagaye shi.

Ku faɗa mini, wane uba ne a garin nan zai ga gidajen lambobi da sunan 'yarsa a tsakiya ya ce lissafi ne?

"Hatimi ne, Alhaji," in ji Babakura yana miƙa wayar. "Asiri ya yi mata. Ba ka ga ko abinci ba ta ci sai ta duba waya ba?"

Ranar aka karɓe wayar Mu'mina. Ta yi kuka, ta yi rantsuwa. Mahaifiyarta, Ya Fanna, ta ce, "Ai dama wanda aka yi wa ba ya sani, 'yata."

Washegari da hantsi Alhaji Bukar ya dira Bulumkutu, Babakura na biye. Ya tsaya a tsakar ɗakin ya dubi bangon, fuskarsa a yamutse kamar ya taka mushe.

"Baba, wallahi lissafi ne," in ji Kyari. "Waɗannan layukan ƙwayoyin halitta ne lokacin zafi, wannan gidan kuma..."

"Sunan 'yata ma ƙwayar halitta ne?"

Kyari ya sunkuyar da kai.

"Ba zan yi musu da ɗan boko ba. Mu abin da muka sani, rubutu in an wanke an sha, jikin wanda ya sha yake bi. Ka wanke bangon nan tas, ka sha ruwan a gabana. In sihiri ne ya koma kanka, 'yata ta warke ta manta da kai. In ba shi ba ne, za mu gani."

Kyari ya dubi ɓangaren da ke kusa da taga. Aikin watanni ne, bai riga ya kwafe shi ko'ina ba.

"Baba, a bar ni in ɗauki hotonsa."

"Ko na wayar Babakura yanzu za a goge. Ba a kashe maciji a bar kansa."

Aka goge. Maƙwabcinsa Malam Dzarma, malamin firamare, shi ya ara masa bokiti da soso, yana cewa, "Kyari, ka yi tunani. Bangon nan tun da na shigo gidan nan ba a taɓa wanke shi ba."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya sauka cikin bokitin nan ba alli kaɗai ba ne. Akwai kashin tsaka, akwai yanar gizo-gizo, da jinin sauron da aka murtsuke tun damina, da busasshiyar ƙafar kyankyaso tana yawo a sama. Ruwan ya yi toka-toka, ya yi kauri kamar ƙasari. Ko akuya aka miƙa wa sai ta kau da kai. Babakura da kansa ya toshe hanci, shi da bakinsa ya fi bokitin wari.

Kyari ya wanke har sunan. Ya cika kofi, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Idanunsa suka kawo ruwa, bai sauke ba sai da ya ga gindin kofin.

Alhaji ya shuri takalmansa ya fita.

Kyari ya kwanta ciwon ciki, har sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti. A Maisandari kuwa aka zuba ido a ga Mu'mina ta warke. Babakura ya yi wanka, ya fesa turare a kan tsamin hammata, ya zo zance. Mu'mina ta aiko a ce masa in ya ga ta fito, to gawarta ce aka fito da ita.

Da kwanaki suka ja, Alhaji ya kira ta.

"Har yanzu yana ranki?"

"Baba, da ina sonsa ne kawai. Yanzu har tausayinsa nake ji. Kai ka taɓa ganin wanda ya sha bango saboda mutum?"

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Ya Fanna ta ce daga bakin ƙofa, "Alhaji, an wanke rubutu, ciwo bai tafi ba. Wannan ba na malamai ba ne."

Ya miƙa wa yarinyar wayarta. Saƙon farko da ta tura shi ne:

"Malam Kumfa, yaya cikin? Baba ya ce ka turo manyanka. Lissafinka fa da ya tafi?"

Ya amsa:

"Kan da ya haife shi yana nan, Tauraruwata, zai sake haifa. Ke ce ba ni da kwafinki."

Babakura kuwa Alhaji ya sallame shi daga rumfa, ya ce mai leƙen tagar mutane wata rana aljihu zai leƙa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

An ɗaura aure ranar Asabar a ƙofar gidan Alhaji Bukar. Dillalai suka zo, malaman jami'a suka zo, Malam Dzarma ya zo da mutanen cocinsu. Bayan an shafa fatiha, ango ya durƙusa gaban surukinsa, har yanzu da sauran rama a wuyansa.

Alhaji ya dafa kansa.

"Har gobe ban gane aikinka ba, kuma ban ce ka bari ba. Amma waccan duniyar da kake tonawa an riga an gama ta, ba ta jiran ka. Wannan da na ba ka yau aka fara ta. Ita za ka kula."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin magana, Ya tsare gidansu daga bakin mahassada.