Hannun Baba a Ƙarƙashin Mota

Auta ta shiga garejin da hantsi, ta tarar da motar Baba a kan rami, baƙin ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashinta.

Warin kananzir ne ya fara gaya mata abin da ya faru.

Mai Fenti, saurayinta na shekara uku, wanda ya koyi aiki a hannun Baba, ya leƙo daga ramin da burushin waya a hannu, fuskar nan duk giris, yana murmushi.

"Autata, kin riga ni. Na so sai na gama ki gani."

"Me ka wanke?"

"Ƙarƙashin gaba ɗaya. Giris ɗin shekara ashirin fa, sai da na..."

"Har gefen tankin mai?"

"Har can."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki jakarta ta fita, ko ƙofar ba ta buga ba.

Wata huɗu ke nan da rasuwar Baba. Bakanike ne, kuma wannan tsohuwar mota ta girmi auren da aka haifi Auta a cikinsa. Ranarsa ta ƙarshe a garejin ya dafa ƙarfen da ke gefen tanki don ya miƙe, sai tafin hannunsa ya fito raɗau a cikin giris, yatsu biyar. Tun ranar ta'aziyya Auta ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Abin da take yi kawai, kowace safiya ta sauka ramin da tocila ta kalli hannun, sannan ta wuce wurin aiki. Ba ta gaya wa kowa ba. Mutum ɗaya ne ya taɓa kama ta a can, ɗan Gwaggonta, dillalin motoci, wanda ya daɗe yana son motar, yana kuma son mai motar.

A gida ta ci abinci ba ta ji ɗanɗanonsa ba. Wayarta ta yi ta ƙara har ta gaji.

Mama kuwa abin nema ya samu.

"Na gaya miki. Shekara talatin ina wankin kayan bakanike, hannuna ya shaida. Mutanen nan ƙarfe suke gani, ba sa ganin mutum. Ga ɗan'uwanki nan, tsaf da shi, ko ƙumbarsa babu baƙi."

"To, Mama."

"To me?"

"Duk yadda kuka ce."

Wannan amsar ta fi gardama tayar wa Mama da hankali, don Autar da ta haifa ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

Dillali ya zo washegari, turarensa ya riga shi shigowa falo. Ya zauna ya haɗa fuskar jimami, abin da bai iya ba ko a wajen ta'aziyya.

"Ƙanwata, abin ya taɓa ni. Ni da zan karɓi motar, baƙin fenti zan sa a fesa a kan komai, ta yi ƙyalli cikin awa biyu, ba sai an kankare miki hannun Kawu ba."

"Fenti ba ya kama giris, Yaya. Sati biyu zai ɓare."

A nan ta tsaya, don ba ta da ƙarfin ƙarawa. Kwana tara ta yi a haka. Tana tashi, tana zuwa aiki, tana dawowa, kamar wadda aka aika ta rayu a madadin wata. Ba ta jin haushin Mai Fenti, ba ta jin kewarsa. Ita kanta abin ya ba ta tsoro kaɗan.

Rana ta goma ya zo ƙofar gida. Mama ce ta tare shi.

"Ba ta nan."

"Mama, ina ganin takalminta. Ba biko na zo ba. Akwai abin da ban da ikon shafa wa fenti sai ta gani. Ke ma ina roƙon ki zo."

Auta ta fito da mayafinta. Ta bi su ne kawai don ƙin zuwa ma aiki ne.

Ƙarƙashin motar ya canza. Ya kankare tsatsa, ya goge da samfefa, ya bi da tsumma har sai da farin ƙyalle ya fito fari, yadda Baba ya koya masa. Ko'ina ya sha baƙin fenti, sai wuri ɗaya a gefen tanki da ya zagaye da tef ya rufe da takarda.

"Kafin ki duba, ki ji wannan," in ji shi. "Yayanki ne ya ce min kina son a wanke ta kafin ki dawo, wai ganin dattin yana tuna miki da Baba. Ban san da hannun ba. Amma laifina ne. Baba ya sha gaya min, kada ka sa kananzir a wurin da ba ka haska da fitila ba. Na yi gaggawar burge ki, ban haska ba."

Mama ta haɗe rai, irin haɗewar da Dillali zai ji a jikinsa kafin yamma.

Auta ta sauka ramin. Ya miƙa mata tocila, ya yaye takardar.

A jikin ƙarfen, da jan fentin da ake fara shafawa don tsatsa, akwai tafin hannu babba. A gefensa akwai wani ɗan mitsitsi, ƙaramin yatsan ya ɗan goge. Giris ne ya rufe su shekara da shekaru, shi ne kuma ya hana su lalacewa.

"Wannan na waye?" in ji Auta.

Mama ta durƙusa a bakin ramin ta leƙa, sai ta dafe baki.

"Naki ne. Kina shekara uku. Ya dawo min da ke hannu jajir, na yi kwana biyu ina masa faɗa, yana dariya. Ashe nan ya kai ki."

Auta ta ɗora tafinta a kan ƙaramin, ya ɓace a ƙarƙashinsa. Ta matsar da shi kan babban, har yanzu yatsun Baba sun fi nata tsawo.

Nan kukan ya zo. Kukan wata huɗu, mai sauti, marar kyan gani, tana tsaye cikin rami da warin fenti. Mai Fenti bai ce ta yi haƙuri ba. Ya karɓi tocilar ya ci gaba da haska mata wurin.

Da ta lafa, ya ce a hankali, "Akwai fenti marar launi, Autata. In kin yarda in shafa a kai, ba abin da zai sake taɓa su."

Ta share fuska da bayan hannu.

"Akwai sauran jan?"

"Akwai rabin gwangwani."

"Kawo. Akwai wurin hannunka a gefen nawa."

Ya ɗaga kai ya dubi Mama, don ya san ba shi da wannan hurumin sai da izininta.

Mama ta daɗe tana kallon baƙaƙen hannuwansa. Sannan ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta ɗauko gwangwanin da kanta daga kan teburin Baba.

"Ungo. Amma ka sani, kayan aikinka kai za ka riƙa wanke abinka."