Ɗigon Jan Farce a Motar Usta Ragab

A wani ƙauye kusa da Fayyum akwai wata yarinya mai suna Basma. Mahaifinta, Usta Ragab, yana da 'yar motar ɗaukar kaya. Ya ɗaura mata lasifika biyu a sama, ya sa amfilifaya a ƙarƙashin kujera. Da ita yake sa kiɗa ranar biki. In an yi rasuwa ko wani abu ya ɓata, shi ake kira ya zaga gari ya sanar.

A jikin amfilifayar akwai ɗan abin murɗawa. Usta Ragab ya ɗiga jan farce a gefensa, ya ce kada kowa ya wuce wannan ɗigon.

Ran nan ƙawar Basma, Nagat, ta tsokane ta, wai kiɗan tuktuk ɗin yayanta, keken nan mai ƙafa uku, ya fi na motarsu ƙara. "Taku ai kukan sauro take yi," in ji ta.

Abin ya ƙona wa Basma rai. Ta faki ido ta shiga motar, ta murɗe abin har ƙarshe.

Washegari bayan sallar Juma'a aka nemi ƙanenta Ziyad, ɗan shekara uku, aka rasa. Takalminsa ƙafa ɗaya kawai aka gani, a hanyar da ta nufi babban magudanar ruwan gonaki. Mama ta zauna a ƙasa tana ta salati.

Usta Ragab ya tayar da mota. Basma ta zauna gefensa riƙe da takalmin. Ya ɗauki makirfo ya ɗaga murya.

Sai wata ƙara mai tsaga kunne ta fito. Ba a jin kalma ko ɗaya, sai gurnani da ƙarƙara. Mutane suka fito suna toshe kunne.

"Usta, wa ya rasu?" wani tsoho ya tambaya.

Usta Ragab ya tsaya yana duba wayoyi. Bai ko kalli abin murɗawar ba, don ya san ba mai taɓa shi. Wani ƙauri ya fara tashi daga sama.

Basma ta dubi abin murɗawar. Tana tsoron faɗan Baba. Amma da ta dubi ɗan takalmin, ta tuna zurfin ruwan can, sai bakinta ya buɗe.

"Baba, ni ce. Na murɗe shi har ƙarshe."

 Baba ya sunkuya ya mayar da abin kan ɗigon. Lasifika ɗaya ta riga ta ƙone, amma ɗayar ta fitar da muryarsa tas: yaro ɗan shekara uku, riga koriya, sunansa Ziyad.

Ba su gama layi na biyu ba, sai ga Umm Sabir mai gasa gurasa ta fito da shi a kafaɗa, garin alkama ya yi masa fari fat. Ashe kyanwa ya bi, ya yi barci a bayan buhunanta. Ta ce ɗazu ta ji hayaniyar, ta ɗauka 'yan biki ne.

Bayan la'asar Baba ya cika kofin shayi har baki, ya ce Basma ta kai wa Mama. Taku biyu ta yi ya zube.

"Kin gani, 'yata? Haka na'urar nan take. Murya tana hawa tana sauka. In kin cika ta, ina za ta sa ihu in ya zo? Wurin da na bari, don irin yau na bar shi."

Basma ta ba shi haƙuri. Ya shafa kanta, ya ce faɗin gaskiyarta ne ya dawo musu da Ziyad da wuri.

Daga ranar ta gane cewa yawan ƙara ba shi ne a ji mutum ba. In babba ya sa iyaka, akwai dalili, ko da yaro bai gan shi ba.