Amalanken Atiku na Maruda

Ranar da abin ya fara, babu wanda jikinsa ya ba shi komai. Rana ta yi ja ta gangara bayan rumbunan Maruda, kaji sun shige akurki, Inno tana kwashe tuwo, 'yarta Delu tana ɗaure awaki. Maigidan, Atiku, yana tsugune gaban sabon amalankensa yana shafa wa ƙafafun mai. Sai dutse ya faɗo tsakar gida ya fasa tukunyar miya.

Atiku ya zagi 'ya'yan maƙwabta, ya leƙa bayan danga. Babu kowa. Kafin ya dawo na biyu ya faɗo, sannan na uku, kuma ba ta kan danga suke zuwa ba, daga sama suke saukowa a miƙe. Inno ta ɗauki ɗaya ta yar da sauri, don da zafi yake kamar daga murhu aka ciro shi.

Ga yadda amalanken nan ya shigo gidan. Mutanen gidan Atiku ba su san zama ba. Da damina suna gonar tudu, da kaka suna fadama ta wajen Kalgo yankan shinkafa, da rani ga kamun kifi a tafki, ga yankan ciyawa, ga kai gero kasuwar Gwandu, kuma uwa da 'ya duk tare ake tafiya. Jakunansu biyu sun tsufa, dole a nemi abin ɗaukar kaya. Inno ta ce a ƙaro jakuna. Wani ya kawo shawarar raƙumi, aka tuna raƙumi ba ya shiri da taɓon fadama. Keke kuwa, da samari suka fara yayi a shekarun nan, mutum ɗaya yake ɗauka da ɗan ƙunshinsa. Sai Atiku ya ga amalanken shanu a wurin malaman gona, ya dawo ba ya jin maganar kowa. A gaskiya zaɓin bai yi laifi ba: buhu goma a tafiya ɗaya, ga wurin zaman mata, ga bijimansa biyu da ke cin ciyawa a banza rabin shekara. Bawa kafinta na Kalgo ya haɗa masa shi da ƙafafun tsohuwar mota.

Hanya ce kawai bai yi tunaninta ba. Turbar fadama ta jakuna ce, kuma akwai inda take matsewa tsakanin kwazazzabo da wata tsohuwar tsamiya. Amalanke ya ƙi wucewa. Al'adar garin kuwa, kafin a sa wa babban itace gatari, sai an je kwana uku a jere da almuru an yi sallama, an roƙi mazauna ciki su tashi. Inno ta tuna masa.

"Malam, kwana ukku dai na. Mi za ka rasa?"

"Shinkahwa na zuba ƙasa, ni ko in tsaya gaisawa da icce? Ba ni yi."

Atiku kunnen ƙashi gare shi tun yana yaro, tsufa kuma bai rage masa komai ba. Wuni biyu ya yi da gatari, tsamiya ta kwanta cikin kwazazzabo. Washegarin ranar ne tukunyar miya ta fashe.

Daga nan kowace magariba da nata. Duwatsu su zubo, su tsaya. Amalanke ya gangara gaba kaɗan ya komo baya, yana ƙara, babu mai taɓa shi. Bijiman suka ƙi kusantarsa ko da bulala. Bayan rumbu a riƙa jin gunaguni irin na mutanen da aka kora suna rigima kan kayansu. Maƙwabta suka daina shigowa ɗibar wuta, suka hana 'ya'yansu bin ƙofar gidan.

A magariba ta huɗu aka tarar da Delu zaune kan amalanken, ta tanƙwashe ƙafa, idanunta a kafe.

"Ke Delu, sauko ki ci tuwo," in ji Inno.

Bakin Delu ne ya motsa, amma muryar wata tsohuwa ce ta fito, busasshiya, mai ɗaci. "Babu Delu nan. Wanga ɗaki nawa na yanzu."

Atiku ya kama hannunta zai sauko da ita, ya ji kamar turmi ne aka binne a ƙasa. Ya kira maza uku, su ma suka gaza. Kwana shida yarinyar tana wurin, rana da raɓa a kanta, ba ci, sai ɗan ruwan da uwarta ke ɗiga mata a leɓe. Wuyanta ya zama tsinke. Kowa ya ga mutuwa ce ke zuwa, Atiku kuwa yana ta cewa zazzaɓi ne. Inno ba ta ƙara neman izininsa ba, ta ɗauki mayafi ta taka har Gwandu, ta dawo da Malam Abdulgani, wani ɗan tsamurmurin tsoho da aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura.

Malam ya iso da la'asar sakaliya. Ya yi alwala, ya shimfiɗa buzu gaban amalanken, ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit. Can Delu ta juyo da kai.

"Tashi ka ba ni wuri, tsoho."

"Ke Musulma ta?"

"Na riga kakanka sallah."

"To ki ji tsoron Allah. Mi yarinya ta yi maki?"

"Ni mi na yi ma ubanta? Tun ba a gina garin ga ba muna cikin tsamiyar nan. Jakkai na wucewa, ba mu taɓa kada kayan kowa ba. Ya zo da gatari, ko sallama babu. Uwata makauniya na kwance ciki, icce ya danne mata ƙahwa. Yau kwana goma muna rana. Ya rushe ɗakina, na shiga nashi."

Malam ya dubi Atiku. "An hwaɗa maka kwana ukku?"

Atiku ya sunkuyar da kai.

"Ka yi zalunci," in ji Malam, bai sassauta murya ba. Sannan ya koma ga mai maganar. "Amma ke ma zalunci kika yi. Ki hita, ko in ƙone ki."

"Ƙone ni. Tare za mu ƙone da ɗiyatai."

Ya ɗaga murya da karatu. Delu ta kurma ihu, jikinta ya sandare, jini ya tsattsafo daga hancinta. Inno ta faɗi gaban buzun tana kuka tana roƙon a bari. Malam ya tsagaita, gumi yana ɗiga daga gemunsa, don ya gane ƙarfi ba zai fid da yarinyar da rai ba.

"Akwai wata tsohuwar kuka bakin hwadama, ba ta kowa ba ta. Ku koma can."

"Da mi? Uwata ba ta tahiya, ga kayanmu."

"Ga amalanke."

Tsohuwar ta yi wata dariya mara daɗin ji. "Na yarda. Amma shanu ba su yi muna laihi ba, ba su jan mu. Shi za shi ja. Shi sa wuyanai inda yake sa nasu. In ya aje kamin kuka, ko ya waiwaya, yarinya tawa ta har abada."

Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicce ta, ta rantse.

Atiku ya cire riga, ya ɗora karkiyar shanu a wuyansa, ya ja. Duk Maruda ta fito ta tsaya bakin turba, babu mai dariya, babu kuma mai tausaya masa. Malam yana biye da carbi, Inno a bayansa.

Da suka kai kututturen tsamiya amalanken ya tsaya da kansa. Katakon ya yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau da yawa, ana hawa ana ɗora kaya, ido kuwa ba ya ganin kowa sai Delu. Ƙafafun suka nutse cikin yashi. Atiku ya durƙusa, ya miƙe, ya kafa yatsun ƙafa ya ci gaba. Wani abu ya yi ƙara a wuyansa, kowa ya ji.

Sai muryar Delu ta gaske ta fito daga bayansa. "Baba, duba ni! Baba, suna cizo na!"

Hawaye suka zubo masa, ya cije leɓe har ya fashe, amma bai juya ba. Haka ta yi ta kiransa har rana ta faɗi, har jan sama ya fara dusashewa, har goshinsa ya bugi gindin kukar. Nan take nauyin ya ɗauke. Ganyen kuka ya kaɗa babu iska, sannan ya tsaya.

"Inna, ƙishi nika ji," in ji Delu, ta sauko da ƙafarta.

Aka sauke wa Atiku karkiya, amma wuyansa bai miƙe ba, kuma bai ƙara miƙewa ba har ya bar duniya. Ya yi ta ƙoƙarin ɗaga kai ya ga fuskar 'yarsa, ya kasa, sai ƙafafunta yake gani.

"Ita ta?" ya tambaya. "Ku hwaɗa mani, ita ta?"

Delu ta durƙusa a ƙasa, ta kawo fuskarta ƙarƙashin tasa.

"Ni ta, Baba."