Mutari da Ƙwayar Fasa Dutse

"Kalle ni, Mutari! Ka sha ko ba ka sha ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na sha, Lubabatu..."

Mutari ne fa, wanda aka sa mana rana! Shekarar da fari ya ƙone geronsu a Tirmini ya shigo Damagaram, ya kama fasa dutse a bayan unguwar Kara-Kara. Can aka koya masa tramol, wai tana kashe gajiya da yunwa.

Tahiru, ɗan ƙanin Baba da ya daɗe yana sona, shi ya kai labarin gida.

"An fasa!" in ji Baba. "Ba na ba ɗan ƙwaya 'yata."

Na ci kuka na ƙoshi. Washegari na sa Mutari a gaba har asibiti.

"Ciwo ne, 'yata," in ji lokotoro, wata dattijuwa. "Duka da ɗauri ba sa warkar da shi. Sannu a hankali za mu raba shi da ita. Amma in ya koma cikin masu sha, mun yi aikin banza. Sana'a yake buƙata, da babban da zai riƙe shi."

Na durƙusa gaban Baba a rumfarsa ta dukanci.

"Baba, ban ce ka ba shi ni ba. Ka ba shi wurin zama a rumfarka kawai..."

Baba ya ajiye fatar da ke hannunsa.

"Ya zo gobe."

Mutari ya sha wuya. Zufa, amai, ciwon gaɓoɓi. Wata rana Tahiru ya tare shi a hanya, ya cusa masa ƙwayoyi a aljihu, wai don tausayi.

Mutari ya shigo rumfa ya zube su gaban Baba.

"Baba, na haɗiye ɗaya. Ga sauran. Ka raka ni wajen lokotoro."

Ina bayan labule ina saurare.

Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Tashi mu je, ɗana."

Ɗana!

Na sulale ƙasa ina dariya, hawaye na zuba.

Da kaka, bayan ya rabu da ƙwayar, aka ɗaura mana aure. Ranar da aka kai ni, ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Na gode, abar ƙaunata."

"Je ka gode wa Baba," na ce. "Ni kuka kawai na iya!"